Iskar Da Ta Bi Ta Maraɗi

Tun watan Yuni nake ƙirga.
Da sassafe in je bayan filin jirgi,
in ɗaga kwalbar awon ruwa, in rubuta:
milimita sha ɗaya, da ƙwaro biyu da suka nitse.

Hadarin Laraba ya taso ta wajen Tasawa,
ya kwantar da geron Barmo a bakin Gulbi,
ya yaye kwano uku daga rufin maƙwabcina,
ya yi yamma, ko sallama babu.
A nan ba shi da suna.
Mata suka kwashe shanya, aka manta da shi.

Kwana goma sha biyu, sai ga tarho.
Laure ce, daga tsibirin da take jinyar tsofaffi,
inda ƙasa ta ƙare, ruwan gishiri ya soma.
"Baba, muna buga katako a tagogi.
Sun ce daga wajenku ta fito,
teku ya goya ta, ya shayar da ita ɗumi,
yanzu har ido ta yi."

Ashe can suna ake raɗa musu,
bi da bi, kamar 'ya'yan gida ɗaya,
ba rago, ba wanzami.

Agusta ta haifi uku.
Ta fari ta ɓace a tsakiyar ruwa,
ta biyu ta karkata arewa, Allah ya raka taki gona.
Ta Satumba ce ta hana ni tuwo.
Dare huɗu tarho na kan tabarma,
shiru kamar dutsen niƙa.
Uwarta ta daina tambayata,
sai ta yi ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Ran na biyar murya ta dawo, a dishe:
rufin asibiti ya tafi,
tsohuwa ɗaya ta riƙe hannunta har gari ya waye,
kifi a kan titi, Baba, kifi!

Yanzu an ɗaure dammuna, an cika rumbu,
Gulbi ya koma yashi, yara na haƙa.
Can sai ƙarshen Nuwamba za su cire katako.

Littafina na rufe.
Amma baɗi, in hadari ya taso daga gabas,
zan fito ƙofar gida, in cire hula,
in ce: ga gero, ga kwano, ɗauki na ɗauka.
In kin isa can, ki rage gudu.
Akwai yarinya mai wushirya,
'yar unguwar Bagalam ce. Kun taɓa haɗuwa.