Safiyar Farko a Baltimore

Ƙarfe uku idona ya bushe.
Cikina yana Gusau, yana jiran koko da ƙosai,
ni kuwa ina hawa na tara.

Babu ladan. Waya ce ta tashe ni tsaye,
ta nuna alƙibla wajen ƙofar kabad.
Na shimfiɗa tawul ɗin otal.

Can ƙasa wata mota na lasar titi
ita kaɗai.
Ramlatu ta turo murya:
"Baba, akuyarmu ta haifi biyu."

Katin taro na kan tebur.
Sun rubuta Danlami.
Ƙugiyar sunana ta faɗa teku, ke nan.
Haka zan rataya shi.

Rana ta leƙo, ba zafi,
tana sanɗa kamar ita ma baƙuwa ce.