Harafi Ashirin da Biyu

Shekara talatin Baba Tanimu yana kiran fasinja
a tashar Garwa, gefen masu gasa kifi:
"Marwa! Figil! Gidar! Saura mutum ɗaya!"
Har masu wanki a bakin Binuwai sun san muryar.
Saura mutum ɗaya, alhali motar wayam.

Da azumin bara muryar ta dishe.
Inna ta dafa citta da kanumfari,
ta ce ya rage taba, ya ce to.
Da layya, nama ya ƙi wucewa.

Ni ce 'yarsa mai farar riga.
Ni ke yanka tsoka siririya kamar ɓawon albasa,
in rina ta, in shimfiɗa a gilashi.
Tasa ta zo da lamba, babu suna,
amma ranar haihuwar da ke jiki
ni na ƙaga masa ita, lokacin yin kati.

A ƙarƙashin madubi na ga mota ta cika ta batse,
kujerar mutum uku, mutum tara,
wani kan wani, babu mai sauka.

Malamarmu a Ngaundere ta taɓa zana shi a allo,
ɗan guntun zare, maikro-RNA,
harafi ashirin da biyu, ko kusa da haka.
Ba ya gina komai.
Ɗan aike yake tarewa a hanya
ya toshe masa baki tun bai isar da saƙo ba.
A kowace ƙwayar jiki akwai mai cewa: ya isa, mun cika.
In zaren ya yi yawa, saƙonsa ake shaƙewa,
sai lodi ya ci gaba.
Na ci jarrabawar, sha bakwai bisa ashirin,
har Baba ya sayo mini kaza.

Ɗan hakin da ka raina, ai ko banza ana ganinsa.

Yau Yawunde aka tura mu.
Mun zo tasha da asuba, da tabarma da fulas ɗin kunu.
Yaron da ya gaje shi yana ta ihu, yana haɗiye sunayen.
Baba ya dube shi, leɓɓansa na motsi,
yana gyara masa kira.
Direba ya ƙi karɓar kuɗinmu.

Da muka zauna ya taɓa wuyansa, ya dube ni:
me kika gani?
Na ce, "Ana kan dubawa."
Ya leƙa taga, ya ɗaga yatsa ɗaya
ga wata mata mai kaya tana waige-waige.
Ta shigo.