Jan Baki

Ni ce ke haɗa muguwar mace.
Ƙarfe bakwai na safe nake fara ta,
a wani gidan haya can bayan Ƙofar Ƙaura,
da hoda, da gazal, da gashin ido na kanti,
da jan bakin da na sayo ɗari bakwai a 'Yar Kutungu.

Barira ke kawo fuskar.
Takan sauko daga acaɓa cikin hijabi ruwan toka,
silifas ɗinta ɗaya ya sha ɗinki,
ga ƙosai a leda,
ta zauna kan bokitin fenti da muka kife,
ta ce, "Yaya Kubura, a bi ni a hankali,
jiya ban runtsa ba, tarin Baba ya tashi."

Sai in shafe rashin barcin.
In ja girar sama kamar lauje,
in ɗiga baƙin tabo a gefen leɓe,
in zame gyalen ya sauka kafaɗa
daidai inda Malam Sada ya ce ya tsaya.
Shi ya rubuta ta.
Bai ba ta uwa ba, bai ba ta gari ba,
ba ta jin yunwa, ba ta ciwon haƙori.
Mota gare ta, da dariya,
da turaren da ke riga sallama shiga gida.

Alhajin cikin wasan kuwa,
shekara sittin, furfura har gemu,
shi ya nemi lambarta,
shi ya sayar da gonar gado,
da hannunsa na dama ya sa hannu a takarda.
Amma labarin ya ce jan sa aka yi
kamar raƙumi da akala.
Ban taɓa jin an tambayi raƙumin
wa ya ce ya durƙusa ba.

Daren Laraba aka haska kashi na tara.
Washegari ta je sayen tumatir,
mai tumatir ya dube ta, ya janye faifansa:
"Ba ke kika raba bawan Allah da 'ya'yansa ba?"
Wata tsohuwa ta tofar da yawu, ta nemi tsari.
Shi ko Yusha'u, da ya fito a Alhajin,
haƙuri ake ta ba shi a ƙofar masallaci,
mai shayi har ƙwai ya ƙara masa kyauta.

Ta zo tana ba ni labari tana dariya,
ba irin dariyar da ake biyan ta ba.
Ta ce, "Ashe dai na iya."
Can kuma ta ce in ranta mata dubu biyu na magani,
kuɗin kashi na shida har yau shiru.

Na san ƙarshenta, kowa ya sani.
Irinsu ba sa tsufa.
Ko mota ta kife da su, ko su haukace
su bi juji suna tsince-tsince,
don masu kallo su kwanta da sanyin rai.
Malam Sada ya zaɓi hauka, mota da tsada.
Ya ce in tanadi tsumma da gawayi,
jibi za mu ɗauka a bayan tasha.
Ya ce kuma in fara cigiyar jan baki
wanda ya fi wannan ja:
ya ga wata yarinya a Rafin Daɗi,
idonta zai yi.

Yanzu dai magariba ta kawo jiki,
an kashe janareta.
Na jiƙa auduga da man zaitun
ina sharewa daga goshi zuwa haɓa.
Laujen ya fita, tabon ya fita,
ga Barira na dawowa kaɗan-kaɗan,
da kumburin idonta,
da 'yar tsagar da kakarta ta sa aka yi mata.
Ta zura hijabi, ta tambayi buta.

Audugar na hannuna, jawur.
Duk sharrin da ya hana Katsina barci
bai cika tafin hannu ba.
Na jefa ta kwandon shara,
ta faɗa kan ledar ƙosai.