Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ran da ƙudan zuma ya harbi babana a wuya
ina 'yar shekara tara, ina riƙe masa gwangwanin hayaƙi.
Shekara talatin suna harbinsa yana dariya,
ya ce gaisuwa ce, mai aiki ba ya doguwar magana.
Ran nan gaisuwar ta tsaya masa a maƙogwaro.
Leɓe ya kumbura, ido ya rufe,
ya durƙusa tsakanin amya da amya
kamar mai laluben allura a cikin ciyawa.

Motar asibiti ta hawo daga Radovljica tana kuka.
Ya rayu.
Sai dai likita ya ce: Lovrenc, rabu da zuma,
harbi na gaba ba zai yi sallama ba.
Amya arba'in da biyu, kakansa ya zana fuskokinsu da fenti.
Ya sayar da goma, hannu ya ƙi sauran.
Furen lipa ya buɗe, kwari ya cika da guna-guni,
shi kuwa yana bayan gilashin taga
kamar baƙo a gidan da ya gina.

Dakta Dragica Šuštar ba ta da yawan fara'a.
Akwai tabon kofi a aljihun farar rigarta.
Shekara sha bakwai tana bin tambaya ɗaya:
me ke sa mai gadin jiki ya ƙone rumbu saboda ɓera?
Ta ce da babana, garkuwarka ba ta lalace ba,
tsoro ne ya yi mata yawa,
za mu koya mata haƙuri da abin da take tsoro.

Ɗigon dafi, bai kai raɓa a bakin ganye ba.
Mako ya zagayo, a ƙara kaɗan.
Daga baya wata-wata, cikin dusar ƙanƙara da cikin rani,
shekara biyar, motarmu ta haddace hanyar.
Tana ɗibar jininsa a 'yan kwalabe,
a kan kowace: ɗari biyu da sha huɗu.
Ya kan ce, a can ba ni da suna, amma ana jirana.
Wata mata daga Kropa maganin bai karɓe ta ba,
ita ma Dakta ta rubuta ta, ba ta ɓoye ba.

Ranar gwaji ta kawo ƙuda mai rai a bakin hantsaki,
ta ɗora masa a dantse.
Nas na tsaye da allura a shirye.
Agogon bango kaɗai ke magana.
Babana ya yi ashar ƙasa-ƙasa,
wurin ya tasa kamar ƙwayar wake,
ya tsaya nan.

Jiya aka yi mata bikin ajiye aiki a Ljubljana.
Wani farfesa ya miƙe yana lissafi:
takardu kaza, an ambace ta sau dubu kaza,
ɗalibanta sun watsu har bayan teku.
Aka tafa, ni ma na tafa,
ina kujerar baya da kwalbar zuma a cinya.
Ba wanda ya lissafa bazara goma sha tara
da babana ya ƙara cikin amyoyinsa ba safar hannu,
ko yammacin da ya nuna wa ɗana sarauniya
tana ratsa taron 'ya'yanta ba gaggawa.

Da aka watse na miƙa mata kwalbar.
Na ce, daga Lovrenc, ya rasu bara, a gadonsa, tsufa ne.
Ta juya kwalbar a hasken taga ta daɗe.
Ta ce, ni fa zuma ba ta dame ni ba.
Sannan ta rungume ta a ƙirji da hannu biyu, ta ce:
Ɗari biyu da sha huɗu.
Har ƙarshe dantsen hagu yake miƙowa?