Tagwayen Aboabo

A bayan shagon hotona na Aboabo,
ƙarƙashin tebur, kusa da fanka,
akwai akwati mai faifai biyu.
Abin da aka faɗa wa ɗaya,
ɗayar ta haddace kafin a rufe baki.
Na raɗa musu Hassana da Usaina.

Sunan ɗiyar Mantau yana ciki,
da Iya Tasalla ran da ta sauka daga Hajji,
haƙorin Makka na walƙiya,
hoton da babu irinsa ko a gidansu.

Daren Laraba wuta ta ɗauke sau uku.
Da asuba fitilar Usaina ta yi ja,
tana ƙas-ƙas kamar ɓera a buhun masara.
Hassana ba ta ce uffan ba,
ta ɗora kayan mutum biyu a ka.

Na shiga trotro zuwa Adum,
na ƙirga sidi har yatsa ya gaji,
na dawo da sabon faifai.
Mabiyin tagwaye ai da sunansa yake zuwa: Gambo.
Awa goma sha ɗaya yana biya karatun yayarsa,
ni ina gadi, koko ya huce a kofi,
ina roƙon kada ita ma ta faɗi.

Amma Dantani, yarona, riƙe wannan:
madubi ba ya musu.
Ran da ka goge bikin mutane bisa kuskure,
tare za su manta.
Shi ya sa duk Juma'a
nake naɗe kwafi na uku cikin sallaya,
in kai Asawase, ɗakin ƙanwata.