Huhu Ɗaya

Sun kwantar da Mutaru a gefensa na dama,
bakaniken Suwame, baƙin mai a farce,
sabulun asibiti ya yi ya gaji.
Ni ce a wajen kansa. Ni na sa shi barci.

Likita ya ce, "Sauke na hagu."
Na matse bututu ɗaya.
Huhun ya saki, ya kwanta kamar tayar da ta taka ƙusa,
ya ba wuƙa hanya.
Saura na ƙasa, wanda nauyin ƙirji ya danne,
shi zai ɗauki kayan mutum biyu.

Jini bai ji labari ba.
Yana zuwa rufaffen shago kamar kullum,
ya juyo hannu rabbana,
ya gauraye da mai kaya, su haura sama tare.

Idona na kan goshinsa,
inda na liƙa 'yan faifai biyu
masu leƙen rabon da ƙwaƙwalwa ke samu.
Sittin da takwas.
Sittin da uku.

Ƙwaƙwalwa na da mai tsaron famfonta,
irin tsohuwar layinmu a Aboabo:
in ruwa ya zo da ƙarfi ta rage,
in ya yi sanyi ta buɗe,
bokiti dai ya cika daidai.
Tun kafin a raɗa masa suna take wannan aiki,
ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Yau kuwa iska mai kyau ta yi kaɗan,
wadda ya kamata ta fita ta taru,
hanyoyi sun buɗe har ƙarshen buɗewa,
tsohuwa ta fara sakin hannu.
Daga nan, abin da zuciya ta turo, shi ke nan.

Hamsin da shida.

"Dakata, likita."
Ya ɗago ido ta saman ƙyalle, bai ce komai ba.
Na ƙara iska, na tura maganin ɗaga jini,
na jira.
Waje, Kumasi na ta hon ɗinta.
Lamba ta motsa, a hankali,
kamar motar gawayi a kan hawa.
Sittin. Sittin da biyar.
"Bismilla, ci gaba."

La'asar ta gota kafin na hura huhun hagu,
ya buɗe saƙo-saƙo, ya yi ja.

Da ya farka na tambaye shi sunan 'yarsa.
Ya ce, "Rukaya,"
ya yi tari, ya riƙe gefe,
ya ce a gaya wa yaron shago
sifana sha uku tana ƙarƙashin benci,
kada ya ce ta ɓata.

Na ɓare faifan daga goshinsa.
Na ce wa tsohuwa sannu, a zuci.