Ƙusa Ta Biyu

Shekara ashirin da bakwai ina feƙe wa Eulalia Bahamonde fensir,
amma kilina ce ke riga ƙarewa a hannunta.
Duk Juma'a nakan share ɓurɓushinta daga tebur,
cikin tafin hannu, kamar dusa.

A tsibirin Chiloé aka haife ta, 'yar mai sassaƙa jirgi,
inda ruwan sama ke wuni ya kwana bai gaji ba.
Uban ya ce mata: katakon da jirgi bai nema ba,
shi ke kai shi gindin teku.
Da wannan ta tafi Santiago karatu, da bargo ɗaya.

Malamai suka ce zanenta na da rowa.
Shekara tara tana jera wa bankuna ginshiƙai
waɗanda ba sa ɗauke da komai sai girman kai.
Ran nan ta ajiye makullin ofis,
ta hau motar dare zuwa kudu.

A nan na same ta.
Mai kamfanin kifi ya zo da hoton gida mai baranda uku,
ta ba shi bango huɗu da taga ɗaya mai kallon mashigi.
Ya ce, ina sauran?
Ta ce, ga shi can, yana kumfa.
Bai biya mu ko sisi ba. Wata biyu dankali muke ci.

Sai makarantar Quemchi.
Taga guda, doguwa, daidai tsayin yaro in ya zauna.
Iyaye suka yi tsaki, wai sito ne na ajiye raga.
Amma da sanyi ya shigo, ƙarfe goma sha ɗaya,
rana takan kwanta a kan littattafai
kamar kyanwa ta sami cinya,
yara su yi tsit ba wanda ya tsawata.

Ba ta da sauƙi, kada in yi ƙarya.
Ta taɓa sa kafinta ya cire matakala sau uku
saboda ratar da ba ta kai faɗin farce ba.
Ya zage ta. Ya cire.

Nibaldo, mijinta, ya fita kamun kifi wata Talata.
Jirgin kaɗai ya dawo.
Washegari ta zo aiki, ba ta ce uffan ba.

Da ido ya fara hazo, ta zana wa kanta ɗaki:
gado, murhu, kujera ɗaya, ƙofa.
Ina duba takardar na ga ƙusa biyu a bayan ƙofa.
Na ce, rigar ruwanki ɗaya ce.
Na miƙa mata kilina, yadda na saba.

Ta juya ta a hannu, ta daɗe,
sannan ta jefa ta aljihu.

Ɗakin yana nan, ni ke riƙe da makulli.
Ƙusa ta farko har ta lanƙwashe don aiki.
Ta biyun tsatsa ce kawai ta rataya a kanta.